Kamil Glik da mai sharhin da ba ya kallon wasa

Akwai wani mai sharhin ƙwallo a wannan kafa da ya yanke hukunci a makon jiya cewa Kamil Glik, ɗan wasan bayan ƙasar Polan, bai cancanci a ɓata lokaci a kansa ba, wai don bai taɓa zama a babbar ƙungiya ba, kuma wai babu abin da ya iya sai nuna ƙarfi da karɓar jan kati. Ban kira sunan kowa ba, ba kuma zan kira ba, domin mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as. Abin da ya dame ni shi ne samarin da suke karanta irin wannan magana, su ɗauke ta a matsayin ilimi, su kai ta gidan kallo.

An haifi Glik a 1988 a Jastrzębie-Zdrój, garin masu haƙar kwal a kudancin Polan. Ya ɗanɗana ƙungiyar Real Madrid ta uku yana matashi, ya koma gida Piast Gliwice a 2008, sannan Palermo ta Italiya ta ɗauke shi a 2010, inda bai buga ko wasa ɗaya na Serie A ba har aka ba Bari aronsa, ita ma Barin ta faɗa rukuni na biyu. Da irin mutuminmu ne ke riƙe da alƙalami a lokacin, da tuni ya rufe littafinsa. Shi kuwa a 2011 ya amince ya tafi Torino tana Serie B, ƙarƙashin koci Giampiero Ventura, kuma bayan shekara ɗaya suka hau Serie A tare.

Maganar jan kati gaskiya ce, ba zan ɓoye ba, domin an kore shi a duka wasannin hamayya biyu da Juventus a kakar 2012/13. Sai dai wanda ya tsinto wannan bai ƙarasa karatun ba, saboda a 2013 ɗin nan Torino ta ɗaura masa ƙyallen kyaftin, kuma kyaftin a Torino yana da wani nauyi da babu irinsa a ko'ina. A ranar 4 ga Mayu, 1949, jirgin da ya ɗauko 'yan wasan ƙungiyar daga Lisbon ya yi karo da bangon majami'ar da ke kan tsaunin Superga, mutum 31 suka rasu. Duk shekara idan ranar ta zagayo, jama'a su hau tsaunin, a yi tsit, kyaftin ya tsaya gaban allon tunawa ya kira sunayen mamatan ɗaya bayan ɗaya. Mutanen Turin, garin ƙungiyar Torino, sun miƙa wa baƙo, ɗan Polan, sunayen mamatansu ya karanta, amma wani yana zaune da waya a hannu yana cewa ba kowa ba ne. A kakar 2014/15 ya ci ƙwallo 7 a Serie A yana mai tsaron baya, kuma shi ke jagorantar Torino ranar da ta doke Juventus da ci 2-1 a Afrilun 2015, bayan shekara 20 ba ta yi nasara a kanta ba.

A 2016 ya koma Monaco, kuma a kakarsa ta farko suka ƙwace kofin gasar lig ta Faransa daga hannun PSG mai riƙe da shi shekara huɗu a jere, suka kuma kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Turai. Wanda iliminsa ya tsaya a gajeren bidiyon cin ƙwallaye zai ga Mbappé da Falcao da Bernardo Silva kawai, ba zai ga wanda ya tsaya a baya yana tare ƙwallayen sama yana tsawatar wa abokan wasansa ba, alhali ƙungiyar da take kai hari haka ba ta tsayuwa sai da irinsa. Ƙasarsa ma ta sanya masa riga sau 103, shi ne ya farke wa Polan da ka a wasan da suka tashi 1-1 da Ingila a Warsaw a 2012, kuma yana cikin tawagar da ta kai zagayen 'yan takwas a gasar Turai ta 2016.

Na fahimci abin da ya sa labarin mutumin da ya zauna da ƙungiya tun tana ƙasa ba zai yi wa wasu daɗin ji ba. Mu da muke zama benci ɗaya da su a gidan kallo mun ga rigar da suka sanya bara, mun ga wadda suka sanya bana, kuma mun san a wane wasa aka canja ta.