Ƙungiyar Opera a Ƙaramin Gari: Ba Ƙwararru Ba Ne

Da an ce wani ƙaramin gari a Ingila yana da tsohuwar ƙungiyar opera, wato wasan kwaikwayon da ake yi cikin waƙa, sai wasu su ɗauka mawaƙa ne masu albashi da ke rera wa attajirai waƙar Italiyanci. Sam ba haka ba ne. 'Yan sa-kai ne, su malamin makaranta da akawu da mai shago. Sai an tashi aiki su taru a zauren coci su yi gwaji, wata na ɗinka kayan wasa, wani na shafa wa dandamali fenti. Da yawansu da wasannin barkwancin marubuci Gilbert da mai tsara kiɗa Sullivan suka fara, cikin Turanci, a ƙarshen ƙarni na 19, har aka kafa uwar ƙungiyarsu, NODA, a 1899. Abin da ya fi burge ni, a da, sau da yawa ribar tikiti asibitin gari ake kai wa.