Darussa ukun da ɗalibanmu suke rainawa

Ƙannena da kuka samu gurbi a foli ko jami'a, musamman masu karanta harkar kasuwanci da akanta, da ku nake. A shekarar farko za a ɗora muku Turanci na gama-gari, ƙididdiga, da tushen kasuwanci haɗe da ajiye lissafi. Yawancinku za ku ɗauke su abin cika takarda. Sai jarrabawa ta matso a sayi handawut, a haddace a daren ƙarshe, a juye a takarda, a fito an manta. Wallahi wannan ɗabi'a tana damuna, domin cikin duk abin da za a koya muku, waɗannan ukun ne za ku riƙa taɓawa kullum, ko aikin ofis kuka samu ko shago kuka buɗe a Kwari.

Ku dubi abin da ya faru a farkon 2025. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya shekarar da take gwada farashi da ita daga 2009 zuwa 2024, ta kuma sabunta jerin kayan da take bibiya. Sai hauhawar farashi ta sauko daga kashi 34.80 a Disambar 2024 zuwa kashi 24.48 a Janairu. Facebook ya ɗauka. Wasu na murna wai kaya sun yi sauƙi, wasu na rantsuwa ƙarya ce tunda kuɗin cefane bai ragu ba. Da masu digiri a duka ɓangarorin, amma kaɗan ne suka lura cewa mudun awon ne aka canza, don haka ba a jera lambobin biyu a ce wannan ta fi wancan. Kuma ko ba a canza komai ba, saukar hauhawa ba saukar farashi ba ce: kaya na ci gaba da tashi, gudun ne ya ragu. Wannan yana cikin babin ma'aunin farashi, wanda ɗalibi ke tsallakewa saboda an ce ba ya fitowa a jarrabawa.

Lissafin kasuwanci ma haka. Yaro ya saro shadda a naira 8,000 ya sayar 10,000. Ribarsa kashi 25 ce idan an gwada da kuɗin saro, kashi 20 idan an gwada da kuɗin sayarwa. Idan bai san wannan ba, ranar da mai saye ya matsa masa ya rage kashi 20 daga farashi, zai yarda yana zaton akwai sauran ɗan abin da zai ci, alhali uwar kuɗinsa kawai ya karɓo, ga kuɗin dako da hayar shago suna jiransa. Sannan ga babbar cutar: aljihu ɗaya ne na ciniki da na gida, bashin da aka bayar kuma yana cikin kai, ba a littafi ba. Shago a cike, mai shi yana ganin yana samu, sai an zo yin sari a ga jari ya zagwanye.

Na san za a ce iyayenmu sun yi arziki a Kwari da Dawanau ba tare da sun shiga aji ba. Gaskiya ne, kuma da yawansu sun fi malamin lissafi saurin haɗa kuɗi a kai. Amma sun yi zamanin da magana da amana suke ɗaure ciniki. Yau rajistar kamfani a CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, da Turanci ake cike ta, banki ba zai ba ka rance ba sai ya ga yadda kuɗi ke shiga da fita a asusunka, ɗan China da kake odar kaya wurinsa a waya da Turanci zai turo maka sharuɗɗa. Wanda ya sa hannu kan abin da bai karanta ba, shi zai biya.

Kada kuma kiredit ɗin Turanci da kuka samu a WAEC ya ruɗe ku. A JAMB tambaya 60 cikin 180 na Turanci ne, amma zaɓen A ko B daban, rubuta wasiƙar neman aiki mai ma'ana daban. Ɗalibai da yawa da ke faɗuwa ƙididdiga ba lissafin ne ya kayar da su ba, tambayar ce ba su fahimta ba.

Malamanmu, Allah ya saka muku, amma ku ma da naku. Babu laifi a fara warware abu da Hausa har ya zauna, sannan a koma Turancin da za a rubuta jarrabawa da shi. A kawo misali da buhunan masara da farashinsu a wata shida, yaro zai kama matsakaici cikin minti kaɗan.

Ku kuma ɗalibai, kowa yana da ɗan uwa mai shago ko mai POS. Ku roƙe shi ku riƙa rubuta masa cinikin kullum na zango guda, ku fitar da matsakaici, ku gano ranar da kasuwa ta fi ci, ku ware riba daga jari, sannan ku rubuta shafi ɗaya da Turanci kan abin da kuka gani, ku kai wa malaminku ya gyara.