Mun yi wa ma'aikatan lafiya tafi, amma wa ya tambaye su ko suna iya barci?

Tun da hukumar lafiya ta duniya WHO ta sanar a watan Mayun 2023 cewa korona ta daina zama larurar gaggawa, kowa ya kaɗe rigarsa ya yi gaba, takunkumi ya ɓace, in ma ka ɗauko zancen sai a ce haba ai wannan ya wuce. To ga wanda ya yi zaman gida yana duba alƙaluma a waya, e ya wuce. Amma nas ɗin da ta kara wa majinyaci waya a kunne yana sallama da 'ya'yansa saboda an hana kowa shiga, ya cika a gabanta, ta canza safar hannu ta matsa gado na gaba ba ta samu ko minti biyar na zama ba, ita fa ba lallai ne ya wuce a wurinta ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa suna kiran abin PTSD. Mutum ne zai ga tashin hankali mai tsanani sai ƙwaƙwalwarsa ta ƙi yarda an gama, abin ya dinga dawo masa a mafarki ko ma ido biyu, ya ji ƙara irin ta na'urar ɗakin kulawa ta musamman gabansa ya yanke ya faɗi, ya fara kauce wa duk abin da zai tuna masa, ga zabura ga saurin fushi ga rashin barci. In an wuce wata guda a haka kuma yana taɓa aiki da zaman iyali, ya zama ciwo. A 1980 aka sa shi cikin littafin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam, shi ya sa har yau mutane ke ɗauka ciwon soja ne.

Wani zai ce ai aikinsu ne, sun saba ganin gawa. Gaskiya ne sun saba, amma ba su saba da tsoron su kwaso cuta su kai wa 'ya'yansu ba, ba su saba ganin abokin aikin da suka yi diuti tare jiya yau shi ne a kan gado ana sa masa oksijin ba. WHO ta ƙiyasta ma'aikatan lafiya 80,000 zuwa 180,000 ne korona ta kashe daga Janairun 2020 zuwa Mayun 2021. Kafin nan Ebola ta kashe sama da 500 daga cikinsu a Afirka ta Yamma.

A Ingila an tambayi ma'aikatan ɗakin kulawa ta musamman 709 ta hanyar cike fom a tsakiyar 2020, kusan kashi 40 cikin 100 suka nuna alamun PTSD, wajen kashi 13 kuma suka ce tunanin gara mutuwa ko cutar da kansu yana yawan zo musu. Sai dai kar mu yi zuzutawa, cike fom daban, zama gaban ƙwararre daban. Da aka yi wani binciken a can Ingilar aka zauna da ma'aikatan lafiya ɗaya bayan ɗaya, ba na ɗakin kulawa ta musamman kaɗai ba, adadin da aka samu wajen kashi 8 ne. Ni wannan na biyun na fi yarda da shi, kuma ko shi ɗin ba ƙaramin abu ba ne, asibiti mai ma'aikata 1,000 kana maganar mutum 80 kenan da ke zuwa aiki kullum da wannan nauyin suna yi wa mutane allura.

Abin da ya fi damuna shi ne sunan da muka laƙaba musu, jarumai. A Birtaniya a 2020 duk daren Alhamis ƙarfe 8 aka riƙa fitowa ƙofar gida ana musu tafi, niyya ce mai kyau ba na musu. Amma wanda duniya ta gama kira jarumi da wane baki zai je gaban shugabansa ya ce na kasa, hannuna rawa yake? Dakta Lorna Breen ita ce shugabar sashen gaggawa a wani asibiti a birnin New York, ta kamu da korona, ta ɗan murmure ta koma bakin aiki, a watan Afrilun 2020 ta kashe kanta tana da shekara 49. Danginta sun bayyana cewa tsoronta shi ne in aka san ta nemi taimakon likitan ƙwaƙwalwa za ta rasa lasisi da mutuncinta a wurin aiki. Sai a 2022 Amurka ta yi doka da sunanta don tallafa wa lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikatan asibiti.

Akwai kuma wani raunin da ba tsoro ne tushensa ba. Lokacin da abin ya yi ƙamari a arewacin Italiya na'urar taimakon numfashi ta yi kaɗan, likita ne zai tsaya ya zaɓi wanda za a sa wa da wanda za a bari. Wanda ya yi wannan zaɓin abin da ke cinsa shi ne ganin laifin kansa, da jin haushin waɗanda suka tura shi aiki ba kayan aiki. Irin wannan ba a warkar da shi da lacca a kan juriya, wallahi in ka tara mutanen da suka kwana uku ba hutu kana koya musu yadda ake jan numfashi a hankali ƙara musu takaici kawai ka yi.

Kuma ba yau aka san haka ba. Bayan cutar numfashi ta SARS ta 2003 an bi diddigin ma'aikatan asibitocin Toronto a Kanada, shekara ɗaya zuwa biyu bayan komai ya lafa har lokacin alamun suna nan a jikin wasu, waɗanda suka ji an horar da su da kyau kuma shugabanni sun tsaya musu su ne abin ya fi zo wa da sauƙi. Wato rabin maganin yana hannun masu gudanar da asibiti ne, isassun kayan kariya, shif mai iyaka, hutu na gaske, da shugaban da zai lura wane ya canza.

Sauran rabin kuma ciwon yana da magani, zama ne da ƙwararre sau da yawa ana bin abin da ya faru daki-daki har ƙwaƙwalwa ta sake shi, kuma da dama suna warkewa. Tara mutane zama ɗaya washegarin abin a ce dole kowa ya amayar da abin da ya gani kuwa, WHO da kanta ta ce a daina, don ba ya hana ciwon. A duba ma'aikatan bayan wata ɗaya, a sake dubawa bayan shekara, a wurin da abokan aiki ba za su ga shigarsu ba, kuma a rubuta a takarda cewa zuwan ba zai taɓa lasisi ko ƙarin girman kowa ba.