Likitan ɗakin gwaji ma likita ne

Na gaji da jin wannan magana a Kaduna, har a bakin masu ilimi: wai likitan da ya koma ɗakin gwaji yana binciken ƙwayoyin cuta, yana koyar da masu neman digiri na biyu da na uku, gudun majinyata ya yi. Akwai dalilin ganin haka. Mun saba da likitan da ke duba mu ya rubuta magani, shi kuwa wancan ko kwana goma ka yi a Asibitin Barau Dikko da wuya ka gan shi.

Amma shekara shida ya yi a makarantar likitanci kamar sauran, sannan ya ƙara wasu shekarun yana ƙwarewa a gano cuta daga jini, majina ko tsoka. Da sakamakonsa ake zaɓa wa majinyaci magani.

Ɗauki sanƙarau na 2017 da ya addabi Zamfara da Sakkwato. An riga an yi wa jama'a rigakafin nau'in A, sai gwajin ruwan ƙashin baya ya nuna nau'in C ne. Alamunsu ɗaya, ido ba ya bambance su. Wannan gwajin ne ya sa aka nemo allurar da ta dace.