Mai amosanin gaɓɓai tana haihuwa lafiya, amma sai an shirya wa cikin

Tambayar nan ta "har yanzu shiru?" da muke damun amare da ita a Katsina tana jefa wasu mata cikin haɗari, musamman masu amosanin gaɓɓai mai kumbura yatsu da gwiwoyi, da masu cutar lufus, wadda garkuwar jiki ke juyowa tana yaƙar jikin mai ita. Dangin miji sun sa mace a gaba, sai ta ajiye magungunanta duka a ɓoye, ko kuma ciki ya shiga tana kan maganin amosanin da ake kira methotrexate.

Wannan ƙwayar da ake sha sau ɗaya a mako tana jawo ɓari, tana kuma iya nakasa jariri. Likita ne zai tsayar da ita wata 1 zuwa 3 kafin a nemi ciki, ya sauya mata wata. Ƙwayar hydroxychloroquine kuwa, wadda ake bai wa masu lufus da amosanin, ana ci gaba da shanta har lokacin shayarwa, barin ta ne ma ke tayar wa mai lufus da ciwo. Ita mai lufus ana so ciwon ya kwanta kamar wata 6, a auna fitsari a ga lafiyar ƙoda, tukuna. Galibi akan ɗora ta kan ƙaramin asfirin daga wajen mako 12 don gudun hawan jini da jijjiga.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mace ta yi ɓari uku a jere, a ce iska ce, a yi ta hayaƙi da jiƙe-jiƙe. Alhali wata jininta ne ke saurin daskarewa, gwajin jini na nuna shi, kuma asfirin da allurar heparin mai hana jini daskarewa na taimaka wa cikin ya zauna da yardar Allah. Diclofenac, maganin ciwon jiki na kemis, ma bai dace da mai tsohon ciki ba.

Maigida, kai ne za ka tare mata surutun dangi. Raka ta Asibitin Koyarwa na Tarayya tun kafin ciki, ku ji bayani tare, ta fara awo da wuri.

Sannan a sa ido bayan haihuwa. Amosanin kan lafa lokacin ciki, sai ya dawo da ƙarfi cikin jego. Ka ga mai jego da safe yatsu sun sandare, ta kasa ɗaura wa jariri zani, iyaye na cewa wanka ne bai ratsa ta ba, a ƙara zafin ruwa. Don Allah Hajiya, in kin ga haka ki sa a mayar da ita wurin likitanta, kar a jira arba'in.