Raba mutum da abincinsa fa?

Tambayar da wani labari ya yi, wai ko kare masu sauya jinsi daga wariya haƙƙin ɗan Adam ne, ta tuna min hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na Yunin 2020. Alƙalai 6 cikin 9 suka ce dokar kare haƙƙin 'yan ƙasa ta 1964 ta hana korar ma'aikaci saboda sauya jinsi. Aimee Stephens, ɗaya daga cikin waɗanda aka yi shari'ar a kansu, wadda aka kora daga kamfanin shirya jana'iza saboda sauya jinsi, ta rasu wata guda kafin hukuncin.

Ban ce addinina ya yarda da abin ba, Allah shaida ne. Amma a hana mutum aiki ko gadon asibiti, ni dai zalunci nake gani. Mu nan ma ai muna cin shinkafar 'yan daudu a tasha, mu lashe hannu, mu fito muna zaginsu.