Suwidin Ta Fara Ƙirar Kayanta Daga Hannu Mai Ciwo

A shekarar 1949 cutar shan inna ta kama wata budurwa 'yar Suwidin mai suna Aina Wifalk. Shekarunta 21, tana tsaka da koyon aikin jinya. Ta miƙe daga kwanciya da sanduna biyu, kuma su ta yi ta dogarawa shekara da shekaru har kafaɗunta suka gaza. Duk wanda ya taɓa dogara sanda ya sani: ƙafa ke da lalura, kafaɗa ke biyan bashi. A 1978, tana zaune a garin Västerås, ta zana wani abin dogarawa mai taya huɗu, da birki a hannu, da ɗan wurin zama idan numfashi ya ƙare a hanya. Shi ne ake kira rollator, wanda yau tsofaffi ke turawa a titunan Turai, kayan cefanensu na cikin kwandonsa. Da gangan ta ƙi yi masa rajistar mallaka, don kowane kamfani ya iya ƙera shi, ya kai ga mai buƙata. Ta rasu a 1983.

Na fara da ita ne don abin da nake son faɗa duk yana cikin labarinta. Suwidin ta yi suna wajen ƙera kayan da kowa zai iya amfani da su, kuma sau da yawa akan jingina wannan ga arzikin ƙasar ko tausayin mutanenta. A ganina tushen abin ya fi haka sauƙi. Sun riƙa tambayar mai ciwon ina yake masa ciwo, suka ɗauki amsarsa da muhimmanci irin wanda ake bai wa lissafin injiniya.

Dubi wuƙar yanka burodi. Wuƙar da muka saba da ita ƙotarta a miƙe take da kaifin, don haka dole wuyan hannu ya lanƙwashe, yatsu su danna. Mai lafiya ba ya ko lura. Amma mai amosanin gaɓɓai, wanda yatsunsa suka kumbura suka karkace, wannan dannawar azaba ce. A farkon shekarun 1970 wasu masu zanen kaya biyu, Maria Benktzon da Sven-Eric Juhlin, suka zauna da masu wannan ciwo, suka yi ta ba su ƙotoci iri-iri suna gwadawa. Abin da ya fito wuƙa ce mai ƙota a tsaye kamar ta zarto. Tafin hannu gaba ɗaya ke damƙe ta, wuyan hannu na miƙe, ƙarfin kuma daga damtse yake zuwa. Suka haɗa ta da katakon yanka mai ɗan shinge da ke riƙe burodin, yana yi wa wuƙar jagora. Matar da sai an yanka mata ta koma tana yanka da kanta.

Ina jin wannan a raina. Na ga mahaifiyata tana kokawa da murfin kwalbar maganinta, ta naɗe shi da bakin zane ta murɗa, ta sa haƙori, ƙarshe ta ajiye ta jira jika ya dawo daga makaranta. Ba ta taɓa cewa kwalbar ce ke da laifi ba. Cewa take, “Hannun nawa ne ya mutu.” Alhali wani ne ya zauna ya yanke shawarar yadda murfin zai kasance, bai kuma tuna da irin hannunta ba.

Kamfanin su Benktzon, Ergonomidesign, shi ne a ƙarshen shekarun 1980 ya sake wa kamfanin jiragen sama na SAS fasalin butar zuba kofi. Ma'aikatan cikin jirgi, lafiyayyun mutane, suna ta kukan ciwon wuyan hannu da kafaɗa saboda yawan zubawa. Aka rage wa butar nauyi, aka matso da mariƙinta kusa da inda nauyin ruwan yake, aka gyara bakinta ya daina ɗiga. Ilimin da aka samo daga hannun masu amosani shi ya ceci hannun masu lafiya. Wannan ne dalilin da ya sa ba na yarda a kira irin wannan ƙira sadaka ga naƙasassu. Mai ciki, da wanda ya karye, da wanda ya goya yaro yana aiki da hannu ɗaya, duk suna shiga layin, tsufa kuma na tafe wa duk mai tsawon rai.

Akwai kuma batun kyau. Cokulan da kofunan da suka zana ba su yi kama da kayan asibiti ba, har wasu sun shiga gidajen adana kayan fasaha. Wannan ba ƙawa ba ce kawai. Mutum zai gwammace ya sha wahala da ya fito da abin da zai sa baƙi su dube shi da tausayi a kan tabarmar cin abinci.

To, wani zai ce ai masu kuɗi ne. Akwai gaskiya a ciki, domin zane shi kaɗai ba ya kai kaya gidan talaka. A Suwidin ma'aikacin lafiya ne ke duba mutum ya rubuta masa abin da ya dace, hukumar yanki ko ƙaramar hukuma ta ba shi aro, kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan. Idan ya gama a mayar, a gyara, a bai wa wani. Daga 2015 kuma dokarsu ta ɗauki hana naƙasasshe hanyar shiga wuri a matsayin wariya. Ba don waɗannan ba, da wuƙar nan ta tsaya a kantunan masu hali.

Su ma ba su tsira daga tuntuɓe ba. Ƙasar ta yi nisa wajen barin tsabar kuɗi, shaguna da yawa ba sa karɓar takarda, harkar banki da ta hukuma ta koma kan waya ta hanyar BankID (manhajar tabbatar da shaidar mutum) da Swish (manhajar biyan kuɗi). Tsoho mai rawar hannu, da mai raunin gani, da mai lalurar ƙwaƙwalwa, su aka bari a baya, har sai da aka yi doka ta tilasta wa manyan bankuna ci gaba da samar da tsabar kuɗi. Abin ya dame ni ƙwarai: ƙasar da ta auna yatsun mai amosani kafin ta ƙera wuƙa, da ta zo kan allon waya sai ta yi gaggawa, ba ta tsaya ta tambaye shi ba.

Ciwon da ya kama Aina Wifalk ba baƙo ba ne a wurinmu. A Kano akwai waɗanda shan inna ta taɓa, da suka haɗa kai suna walda kekunan guragu masu tuƙi da hannu, sun san inda sarƙa ke cin tafi da inda kujera ke ƙona baya, domin su ke hawa. Najeriya ta sa hannu kan dokar hana wariya ga naƙasassu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika. Har yanzu mai keken nan yakan iso bakin ofis ya tsaya a gindin matakala, yana jiran matasa biyu su zo su ɗaga shi.